Da Sunana, da Ilimin Malama Rakiya

'Ya'yana, na san kun taso kuna tsintar gutsuren wannan labari a bakin mutane, a gidan biki ko gidan suna, inda ake rage murya idan na shigo. Wasu sun ce an cire ni daga shirin kwamfuta ne saboda na yi satar amsa. Wasu sun ce babanku ne ya hana ni tafiya Abuja. Babanku, Allah Ya jiƙansa, bai hana ni komai ba. Maganar farkon kuwa ba daidai take ba, amma tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban taɓa ɗaga murya na musanta ta ba. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta zaunar da ni, bari in faɗa muku yadda aka yi tun ina iya tunawa.

Soja ba su daɗe da miƙa mulki ba a lokacin. Gari cike yake da dogon buri, kowa ka taɓa sai ya ce maka yanzu za a gyara makarantu, yanzu za a kawo ruwa. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yammata a Gwammaja, muna zaune a gidan kakanninku a Sheshe, sashenmu na kallon na kakarku Hajiya Zulai. Sadiya tana goye, Kabiru bai shiga firamare ba. A makarantar nan akwai wadda ta koya mini lissafi tun ina aji ɗaya, muka kuma zama abokan aiki, Malama Rakiya 'yar Jakara. Gajeriya ce, mai tabarau mai kauri, mayafinta kullum da farin alli a gefen kafaɗa. Gidansu gidan masu gurasa ne kaka da kakanni, kuma da gurasar take koyarwa. Za ta shigo aji da guda uku a leda, ta yanka a gaban yara, kafin a tashi yarinyar da ta fi kowa tsoron lissafi ta san bambancin rabi da kwata, ta kuma ci rabonta. Duk abin da na iya a gaban allo, a wurinta na gani.

Wata rana takarda ta zo cewa wata ƙungiya ta ƙasar waje za ta horar da malamai a kan kwamfuta. Kowace makaranta mutum biyu. Malama Rakiya ce ta fara karɓar fom, ta cike shi a tsaye a bakin ofis. Ashe akwai sharaɗi a bayan takardar: sai malamin kimiyya ko lissafi, kuma wanda bai haura shekara arba'in ba. Ita kuwa saura shekara biyu ta yi ritaya. Ranar da shugabar makaranta, Hajiya Asabe, ta tara mu a ɗakin malamai ta karanta sunaye, sai ga sunana da na Malam Nasiru mai koyar da kimiyya. Aka yi ta yi mana barka. Malama Rakiya ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi.

"Hajiya," ta ce, "shekarun nawa ne suka yi musu yawa, ko ƙwaƙwalwar ce suke ganin ta yi tsatsa?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Hajiya Asabe ta ce ba ita ta kafa dokar ba. Malama ta ce ta sani, ta juyo ta dafa kafaɗata.

"Hauwa, ki je ki buɗe ido da kyau. Abin da kika gano ki zo ki ba ni labari."

A gida kuwa sai da aka kai ruwa rana. Babanku, kun san shi, turare yake sayarwa a Kurmi, mutum ne mai son komai ya zauna inda ya san shi. Mako shida za a yi, daga tashi makaranta har bayan la'asar, maza da mata a ɗaki ɗaya, ga jaririya. Bai ce a'a ba, amma ya yi ta jero tambayoyi irin na wanda yake neman a ce masa an fasa. Kakarku tana zaune a kan darduma tana jan carbi, kamar ba ta ji. Ita jikar Larabawan nan ce da suka zo Kano da ayari suka zauna, kuma ba ta bari a manta.

"Me ma ake yi da abin?" ta tambaye ni.

Na ce, "Hajiya, an ce za ki rubuta wasiƙa yanzu, kafin ki tashi daga kujera ta isa wata ƙasa."

Ta ajiye carbin. "Kakana wata uku yake yi a hamada da wasiƙar mutane a ƙirjinsa. Kai Mustafa, bar ta ta je ta gano mana ko ƙarya suke yi. Yarinya kuma a kawo mini ita."

Shi ke nan magana ta ƙare.

Ba zan cika ku da labarin horon ba. Ranar farko da ƙyar na taɓa ɗan linzamin nan da ake ja, ina tsoron in danna wani wuri in ɓata musu na'ura. Ranar ƙarshe kuwa ina buga rubutu da yatsa huɗu ina jin kaina kamar matuƙin jirgi. Abin da ya shafi labarin nan shi ne abin da aka ba mu a ƙarshe. Bayan takardar shaida, kowa an buɗe masa adireshin imel, aka kuma shigar da mu wani dandali na malaman da suka yi wannan horo a jihohi daban-daban, har da wasu ƙasashen Afirka. Mu a nan zaure muke kiransa. Idan mutum ɗaya ya rubuta tambaya, kowa zai gani, mai amsa ya amsa. Wata mata ce ke kula da shi daga Legas, Madam Bose, wadda ban taɓa gani da idona ba. Muka sa hannu a takarda cewa zauren na waɗanda suka yi horo ne kaɗai, ba za mu ba kowa kalmar sirrinmu ba, ba kuma za mu fitar da abin da ake tattaunawa waje ba. Na sa hannu ban ko karanta sau biyu ba.

Makaranta ta samu kwamfutoci huɗu, aka ba ni makullin ɗakin, amma babu layin intanet. Don haka duk Asabar da hantsi sai in fita wajen ganuwa, wani shago a bayan Ƙofar Nassarawa, in zauna cikin ƙarar janareta ina jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran tukunyar wake. Saboda lokaci ba ya isa in karanta a can, sai in sa a buga mini saƙonnin a takarda in taho da su gida. Ranar wata Litinin Malama Rakiya ta gan su a jakata.

"Wannan ne zauren naku? Me suke cewa?"

Na miƙa mata. Ban ga wani abu a ciki ba, malamata ce. Washegari ta dawo mini da su, gefen kowace takarda cike da jan biro. Akwai wani malami daga kudu da ya rubuta cewa ɗalibansa sun kasa yarda a raba lamba da rabi kuma amsa ta fi lambar yawa. Mutum biyar sun amsa masa da dokar littafi. Malama ta rubuta a gefe: kada ya fara da doka. Ya kawo burodi uku, ya ce kowane yaro rabi zai samu, ya tambaye su yara nawa za su ci. Idan suka ƙirga shida da bakinsu, sannan ya rubuta a allo. Asabar ta zagayo na buga wannan amsa, na fara da cewa wata babbar malama a makarantarmu ce ta faɗa. Mako na gaba malamin nan ya dawo yana godiya kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce yaran har tafi suka yi. Na kawo wa Malama takardar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ninke ta sa a jakarta.

Malam Nasiru ne ya tare ni a baranda. Shi ma yana zauren, ya ga abin da na rubuta.

"Malama Hauwa, ki daina ambaton wata malama. Kin manta abin da muka sa wa hannu? Za a ce kina fitar da takardun zaure. Ni shawara nake ba ki."

Gaskiya ya faɗa, kuma da kyakkyawar niyya. Na je na gaya wa Malama. Ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"To ki sa sunan da zai wuce mana. Ni ina ruwana da suna? Yaran mutane dai su gane."

Haka muka shiga. Asabar in kwaso tambayoyi, Litinin in ba ta, Laraba ta dawo da jan bironta, mu zauna a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin malamai tana yi mini bayani, Asabar in buga da sunana. A nan ne nake so ku saurara da kyau, don nan ne wurin da ba na faɗa wa kowa. Da farko tsoro ne ya sa na cire sunanta. Amma bayan wata biyu ba tsoro ba ne. Mutane suka fara rubuto tambaya suna cewa muna jiran Malama Hauwa ta Kano. Wata daga Ghana ta ce ta buga amsoshina ta manna a bangon ofishinsu. Nakan zauna a shagon nan in karanta irin wannan sau uku, ina jin daɗi har cikin ƙashina, kuma a wannan lokacin ba na tuna Malama Rakiya ko kaɗan. Har na fara gyara maganarta in sa tawa kalma ɗaya ko biyu, don zuciyata ta samu abin da za ta riƙe ta ce ai da hannuna a ciki.

Ita kuwa Malama sai ta zama kamar an mayar da ita yarinya. Matar da ta fara jan ƙafa tana ƙirga watannin ritaya, sai ga ta tana riga kowa zuwa ranar Litinin. Ta haddace sunayen mutanen zauren kaf. Takan tare ni tun daga bakin ƙofa.

"Ya aka yi da malamin nan na Binuwai? Ya gwada dabarar igiyar da na faɗa? Ita kuma ta Ghana, yarinyar nan tata ta daina kuka a jarrabawa?"

Ana haka, wajen ƙarshen zango na biyu, sai ga saƙon Madam Bose. Za a zaɓi mutum shida da suka fi amfanar zaure, a kai su Abuja mako biyu, daga nan su zama masu horar da malamai a jihohinsu. Sunana ne na farko. Wasiƙa ta biyo baya ta hannun Hajiya Asabe, ta karanta a taron safe a gaban ɗalibai. Babanku da ya yi ta gunaguni a farko, sai ga shi duk wanda ya tsaya sayen turare sai ya ji labarin. Kakarku ta sa aka fara shirin alkaki da zan tafi da shi tsaraba, wai kada mutanen Abuja su ɗauka daga daji na fito. Na sami Malama a ƙarƙashin darbejiya, na kasa haɗa ido da ita.

"Malama, wannan kujerar taki ce."

"Tawa ce da shekara hamsin da takwas? Ki tafi, Hauwa. Ki tafi ki daina wannan fuskar. Idan kin dawo zauren yana nan, ni ma ina nan."

Na karɓi wannan magana da hannu biyu, don ita nake son ji.

Saura wata guda tafiya aka yi wa Malama aikin yanar ido. Likita ya ce kada ta kalli rubutu sai ya ba da izini. A makon ne wani malami mai suna Malam Yohanna, daga wata makarantar ƙauye a Filato, ya rubuto da sunana. Yana da wata ɗaliba da ke taya uwarta sayar da kayan miya. A kasuwa ba a taɓa cutarta, lissafi take yi da ka kafin mai saye ya buɗe baki. Amma da an ba ta takarda da biro sai ta daskare, kuma iyayen sun ce idan ta sake faɗuwa za su cire ta. Ya ce, Malama Hauwa, ke kaɗai nake ganin za ki san abin yi. Na zauna a gaban na'ura na ɗora yatsu. Na rubuta layi biyu na goge. Na sake rubutawa, na ga maganar littafi ce, irin wadda shi ma ya sani. Har lokacina ya ƙare mai shago ya zo ya tsaya a kaina, ban aika komai ba. Na fito na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa ban tsayar da ko ɗaya ba. Ba wai ban iya lissafi ba ne. Na iya. Amma mutumin nan ba ni yake tambaya ba, kuma bai sani ba.

Da magariba, bayan an ci tuwo, na faɗa wa babanku komai a tsakar gida, kakarku tana jin mu daga bakin ƙofarta. Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa, ya dube ni.

"Ita Malamar ta sani?"

"Ta sani. Ita ta ce in sa sunana."

"To ina laifin? A kasuwa dillali yana sayar da kayan wani kullum. Muddin mai kaya ya yarda, halal ne."

Kakarku ta ce daga inda take, "Dillalin yana rantsuwa cewa shi ya saƙa?"

"Hajiya, ba ta rantse wa kowa ba. Ni abin da nake gani, ta je ta samu kujerar. Idan ta zauna da ƙafafunta, sai ta jawo Malamar, ta jawo wasu irinta. Idan ta yi magana yanzu, ita ta rasa, Malama ta rasa, wa ya ci riba?"

"Ni dai ban ce ta yi ba, ban ce ta bari ba," in ji kakarku. "Tambaya na yi."

Na daɗe ina juya maganar babanku a shekarun nan, kuma ban taɓa samun inda ta karkace ba. Amma a lokacin ba na iya jin ta. Ina ganin kaina a Abuja an miƙo mini abin magana, ana jiran in buɗe baki hikimar Jakara ta fito. Asabar ta gaba na koma shagon na rubuta wa zaure gaba ɗaya, ba Madam Bose kaɗai ba. Na ce duk amsar da suka yaba a watannin nan ba tawa ba ce, ta Malama Rakiya ce, wadda ta shekara talatin da wani abu tana koyarwa, aka ƙi ɗaukarta horo saboda shekaru. Na ce ni na fitar da takardun zaure na kai mata, na saɓa abin da na sa wa hannu. Na roƙi a ba ta kujerata, a kuma shigar da ita zaure. Na sa adireshin makaranta a ƙasa. Na danna, ya tafi. Na fito ina jin jikina sakayau kamar wadda ta sauke tulu. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban je Jakara na tambaye ta ba. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga gidanmu.

Amsar Madam Bose ta zo bayan kwana takwas, kuma ba zan zalunce ta ba, wasiƙa ce ta mutunci. Ta ce ta yi kwana biyu tana jayayya da waɗanda ke sama da ita. Ta ce ta yaba da gaskiyata, amma doka ta masu ba da tallafi ce. An cire sunana daga tafiya, an rufe mini zaure. Malama Rakiya kuwa ba za a iya shigar da ita ba, tunda ba ta da takardar horo. Aka aiko wa makaranta kwafi. Hajiya Asabe ta kira ni ofis, ta karɓi makullin ɗakin kwamfuta ba ta ko ɗago kai ba, ta ce na kunyata ta bayan ta karanta sunana a gaban yara. Malam Nasiru aka ba makullin, daga baya shi aka tura Abuja. Ya zo har gida ya ba ni haƙuri, ya ce bai nema ba, na kuma yarda da shi. Kafin mako ya zagayo labari ya gama unguwa, ya zama wai an kama ni ina satar amsa.

Duk wannan na ɗauka da sauƙi, don ina ganin akwai wuri ɗaya da za a ce mini sannu. Ranar Juma'a da yamma na tafi Jakara. Matan gidan suna bakin tanderu suna fitar da gurasa, zafi ya cika soro. Na same ta a ɗaki zaune a kan tabarma, da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aiki. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. Ta amsa a taƙaice. Ashe labari ya riga ni.

"Hauwa, wa ya aike ki?"

"Malama, haƙƙinki ne. Na kasa ci gaba da..."

"Haƙƙina? Na kawo miki ƙara? Na ce miki ina son a san sunana a Legas?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Shekara talatin da uku ina magana tsakanin bango huɗu. Yara su zo su wuce, su yi aure, wata ma ba ta gaishe ka a hanya. Bana kaɗai, bana, na faɗi abu a Kano wani ya gwada a Binuwai ya dawo ya ce ya yi. Kin san yadda nake jiran Litinin? Ina kwance a nan ido a ɗaure, ina lissafin tambayoyin da suka taru. Taga ɗaya Allah Ya buɗe mini a ƙarshen aikina, kika sa hannu kika rufe."

"Na ɗauka za su shigar da ke."

"Kin ɗauka. Waɗanda suka ƙi ni ina tsaye da fom a hannu, su za su karɓe ni don kin yi kuka? Kaya ya yi miki nauyi, na gane. Amma da kika tashi saukewa, a kaina kika sauke. Ko sallama ba ki yi mini ba."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ba ta rarrashe ni ba. Da na tashi tafiya ta kira wata jikarta ta ce a sa mini gurasa a leda, don ba a fita gidansu hannu sake ko da an yi faɗa. Na riƙo ledar nan da zafinta har Sheshe ina kuka a cikin mayafi.

Da ta dawo aiki, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ina kwana, lafiya lau. Ta koma zuwa a makare. Darbejiyar nan na daina bi ta wajenta. A gida babanku bai taɓa cewa ai na faɗa miki ba, ko sau ɗaya, sai dai ya daina zancen a kasuwa, kuma na san abokansa sun tambaye shi yaushe Malama za ta Abuja. Alkakin da aka yi, kakarku ta rarraba wa maƙwabta. Malam Nasiru ya yi gaba, ya zama babba a harkar, har ya riƙa zuwa makarantu da mota ana yi masa maraba. Ni kuwa a aji na zauna har ranar da na yi ritaya. Duk lokacin da aka zo zaɓen wani horo, akwai wanda zai tuna, a tsallake sunana. Ba na faɗa muku wannan don ku ji tausayina. Aji bai cuce ni ba. Amma kun sha tambayata me ya sa ƙawayena suka zama shugabanni ni ban zama ba, to ga dalilin.

Wajen wata huɗu bayan haka, ranar wata Alhamis bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsefe wa Sadiya kai, sai na ji sallama a soro. Muryar ta sa na miƙe tsaye da matsefi a hannu. Malama Rakiya ce, wadda rabonta da gidanmu tun sunan Kabiru. Ta wuce wurin kakarku suka gaisa, suka daɗe suna zancen ciwon ido da na ƙafa kamar don shi ta zo. Sannan ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, ta buɗe jaka ta fito da ambulan mai kan sarki. Sunanta ne a jiki, da adireshin makaranta. An riga an farke shi, kuma daga yadda takardar ta yi laushi na san ta kwana biyu a hannunta.

"Rubutunsa ƙanana ne kamar ƙwan kifi," ta ce. "Idon nan bai gama dawowa ba. Karanta mini."

Malam Yohanna ne. Ya ce ya kwafi adireshin kafin a goge saƙona. Ya ce shi bai san dokar zaure ta hana mutum sayen kan sarki ba. Yarinyar tana nan, ya roƙi iyayen sun ƙara mata zango ɗaya, kuma har yanzu yana jiran amsa. A ƙasa ya ce akwai mutum biyu da suka karɓi adireshin a wurinsa.

Na gama karantawa, ban yarda na ɗago kai ba. Malama ta karɓi wasiƙar ta mayar cikin jaka. Can ta ce, "Kina da takarda mai kyau? Ba ta littafin yara ba."

Na ɗauko. Ta gyara zama, ta fara faɗa ina rubutawa. Ta ce ya daina ba yarinyar biro tukuna. Ya tsayar da ita ya yi ciniki da ita da baki, tumatir da albasa, kamar a kasuwa. Duk abin da ta faɗa, shi ya rubuta a allo a gabanta, har ta ga cewa abin da take tsoro a takarda maganar bakinta ce. Bayan mako biyu ya miƙa mata allin. Ta yi ta kawo misalai, tana tsayawa tana cewa goge wannan, ba haka za a ce ba. Muka cika shafi uku. Ana kiran magariba ta karɓi biron, ta kusanto da takardar dab da hancinta, ta rubuta sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe, a hankali, harafi bayan harafi.

Na ga fuskarta ta saki, sai na yi ƙarfin hali.

"Malama, kin yafe mini?"

Ta ninke takardar gida uku ta sa a ambulan, ta lashi bakinsa ta manne.

"Na yafe miki tun ranar da kika fita da gurasa. Amma ban ce kin yi daidai ba, kada ki je ki ce na ce." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Gobe idan za ki fito ki biya gidan waya. Kuma ki sayo takarda da yawa, kin ji ya ce akwai mutum biyu."

Wasiƙun ba su taɓa yin yawa ba. Wani watan biyu, wani watan babu. Amma sun ci gaba da zuwa har bayan ta yi ritaya, kuma duk ranar Alhamis ni ce mai rubutu, a ɗakinta na Jakara, har shekarar da ta rasu. Yarinyar Filato ban san ƙarshenta ba, Malam Yohanna ya samu canjin makaranta, labari ya yanke. Har yau idan kuka tambaye ni ko na yi daidai, ba ni da amsa guda. Gaskiyar da na faɗa ba na nadamarta. Abin da nake nadama shi ne tafiyar rabin awar nan da ban yi ba.